Masu Ajiye Tarihin Bashi: Wa Ke Duba Littafinsu?

Ma'aikacin da ya cika takardar neman rance a banki, ya sa hannu, ya miƙa wa akawu, yakan koma gida yana zaton manaja ne zai zauna ya auna maganarsa. A da can haka abin yake. Amma a yau, tun kafin takardar nan ta kai teburin manaja, an riga an aika da sunansa da lambarsa zuwa wani kamfani wanda bai taɓa taka ƙofarsa ba, kamfanin kuwa ya maido da amsa nan take, ya faɗi bashin da mutumin ya taɓa ci, da inda ya ci shi, da watannin da ya biya a kan kari, da waɗanda ya makara. Sau da yawa wannan amsa ita ce ke yanke hukunci. Idan aka hana shi rancen sai ya fita yana zargin manaja, ko ya ce ai don ba shi da uwa a gindin murhu ne, alhali kuwa magana ta ƙare tun a cikin wani littafi da bai ma san da zamansa ba.

Irin waɗannan kamfanoni su ne masu ajiye tarihin bashi. Ba su ba da rance, ba su karɓar ajiya, ba su kuma bin kowa bashi. Hajarsu guda ɗaya ce, watau labarin mutane: su tattara shi daga wurin masu ba da bashi, su tsara shi, su sayar wa wasu masu ba da bashin. Babu shakka aikin nan yana da amfani, kuma ƙasar da ke son talaka ya sami rance ba tare da jingina ba, ba ta da makawa sai da shi. To, amma littafin da zai iya rufe wa mutum ƙofar banki shekara da shekaru bai kamata ya zama wanda kowa ke karantawa ban da mutumin da aka rubuta sunansa a ciki ba. Wajibi ne a san yadda ake rubuta shi, da inda yake yin kuskure, da kuma hanyar da za a bi a gyara.

Bukatar da ta haifi wannan sana'a tsohuwa ce, Bahaushe kuma ya san ta tun kafin banki. A farkon shekarun 1960 wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin cinikin shanu, ya tarar cewa yawancin shanun da fatake ke korowa daga Arewa bashi ake sayar wa mahauta, kuma abin da ya sa falke baƙo yake yarda ya saki dabbarsa ga mutumin da bai sani ba shi ne maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa. Shi maigida da dillalansa sun san kowane mahauci, sun san mai cika alkawari, sun san mai ja-in-ja, sun san wanda kasuwa ta fara juya wa baya. Wannan sani shi ne jarinsu. Abin da kamfanonin zamani suka yi shi ne sun ɗauke wannan sani daga kan dillali sun zuba shi a takarda, daga baya kuma a kwamfuta. Da yin haka sai ya kai inda ƙafar dillali ba ta zuwa, amma fa ya rasa abu guda: dillali yana ganin mahauci kullum, yana jin uzurinsa, kwamfuta kuwa ba ta jin uzurin kowa.

ASALIN SANA'AR

A ƙasar Amurka ne wannan sana'a ta girma ta kai matsayin da take a yau, don haka can ya kamata a duba in ana son a fahimce ta. Bayan karayar kasuwa da aka yi a 1837, wadda ta durƙusar da 'yan kasuwa masu yawa saboda basussukan da ba a biya ba, wani attajiri mai suna Lewis Tappan ya buɗe ofishi a birnin Niyok a 1841, ya naɗa wakilai a garuruwa, yawancinsu lauyoyi, suna aiko masa da labarin masu kantunan da ke ɗaukar kaya bashi. Abraham Lincoln ma, kafin ya zama shugaban ƙasa, ya taɓa yin wannan wakilci. Wannan ofishi da 'yan kasuwa ya damu. Wanda ya juya kan talaka mai cefane shi ne kamfanin Retail Credit, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Cator da Guy Woolford, suka kafa a birnin Atlanta a 1899, suna tattara sunayen masu biya da masu taurin bashi suna sayar wa masu kantuna.

Da tafiya ta yi nisa sai kamfanin ya wuce maganar biyan bashi. Wakilansa sukan bi maƙwabta da abokan aiki suna tambaya, su rubuta ko mutum mashayi ne, ko yana zaman lafiya da matarsa, ko wace jam'iyya yake bi, su sayar wa kamfanonin inshora da masu ɗaukar ma'aikata. Mutumin da aka yi wa wannan rubutu ba shi da ikon ganinsa, balle ya ƙaryata. Watau tsegumin maƙwabci ya zama shaida, shaidar kuma ta zama haja. A ƙarshen shekarun 1960, da aka ji ana shirin zuba dukan waɗannan fayiloli a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, sai hankalin jama'a ya tashi, Majalisar Dokokin Amurka ta zauna ta saurari ƙorafe-ƙorafe, kuma a 1970 aka kafa dokar adalci a rahoton bashi, wadda Sanata William Proxmire ya yi wa jagora. A 1975 kamfanin Retail Credit ya sauya suna ya koma Equifax. Shi da TransUnion, wanda aka kafa a 1968, da kuma Experian, su ne manyan kamfanoni uku da ke riƙe da fayilolin yawancin manyan mutanen Amurka.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, kamfanin ya yi shekara 71 yana rubuta sunayen mutane kafin doka ta ce mai suna yana da hakkin ya gani. Ba kamfanin ne ya miƙa wannan hakki don kansa ba, sai da aka tilasta masa.

YADDA AIKIN YAKE TAFIYA

Aikin yana da matakai huɗu. Na farko shi ne tattarawa. Kowane wata, bankuna da masu ba da katin bashi da masu sayar da mota ko gida biya kaɗan-kaɗan suna aika wa kamfanin lissafin abokan cinikinsu: wane ya karɓi kaza ran kaza, saura kaza, ya biya na wannan wata ko kuwa ya makara da kwana 30, ko 60, ko 90. Kamfanin ba ya zuwa ya tabbatar da kowane layi da idonsa. Abin da aka aiko masa shi yake rubutawa.

Na biyu shi ne haɗawa. Labarin mutum guda yana zuwa daga wurare da dama, sai kwamfuta ta yi amfani da suna da ranar haihuwa da adireshi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta haɗa su a fayil ɗaya. A cikin fayil ɗin akwai bayanin wane ne shi, da jerin basussukansa na da da na yanzu, da waɗanda aka miƙa wa masu karɓo bashi bayan ya kasa biya, da hukuncin kotu in an taɓa tabbatar da cewa ya karye, da kuma sunan duk wanda ya nemi a nuna masa fayil ɗin.

Na uku shi ne ba da maki. Manajan da ke da takardu ɗari a gabansa ba zai karanta tarihin kowa ba, don haka aka ƙirƙiro hanyar dunƙule tarihin ya zama lamba guda. Wani injiniya, Bill Fair, da wani masanin lissafi, Earl Isaac, su suka kafa kamfanin da ya shahara a wannan fanni a 1956, kuma a 1989 ya fito da makin da ake kira FICO, wanda ke farawa daga 300 ya tsaya a 850. Kamfanin ya bayyana yadda yake rarraba nauyi: kashi 35 cikin 100 na makin yana fitowa ne daga biya a kan kari, kashi 30 daga yawan bashin da ke kan mutum, kashi 15 daga tsawon shekarun da ya yi yana mu'amalar bashi, kashi 10 daga sababbin basussukan da ya nema kwanan nan, sauran kashi 10 kuma daga ire-iren bashin da ya taɓa riƙewa. Ya kamata mai karatu ya lura cewa albashi ba ya cikin wannan lissafi, haka nan addini da launin fata da jinsi. Saboda haka masinjan da ke biya a kan kari yana iya fin babban sakatare maki, idan shi babban sakataren mai jinkiri ne.

Na huɗu shi ne sayarwa. A dokar Amurka ba kowa ke da izinin saye ba, sai mai dalili karɓaɓɓe: mai ba da rance, da kamfanin inshora, da mai gidan haya, da kuma mai ɗaukar ma'aikaci, shi wannan na ƙarshe sai da rubutaccen izinin mai neman aikin. Mai maki da yawa yakan sami rance cikin sauƙi da ruwa kaɗan. Mai maki kaɗan kuwa ko dai a hana shi, ko a ba shi da ruwa mai tsada, ya zama mutum biyu sun sayi mota iri ɗaya rana ɗaya amma ɗaya zai biya fiye da ɗaya nesa ba kusa ba.

Dokar 1970 da gyare-gyaren da suka biyo bayanta sun sa wa wannan ciniki linzami. Yawancin labarin rashin biya ba ya wuce shekara 7 a rahoton mutum, na karayar arziki kuma shekara 10, domin kada tuntuɓen ƙuruciya ya bi mutum har kabari. Wanda aka hana rance saboda rahoto, dole a gaya masa, a kuma faɗa masa kamfanin da ya ba da rahoton. Wanda ya ƙi yarda da wani layi yana da ikon ya kai ƙara, kamfanin kuma dole ya bincika, galibi cikin kwana 30, ya goge abin da ya kasa tabbatarwa. Wani gyara da aka yi a 2003 ya ba kowa hakkin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kowane kamfani.

AMFANI DA ILLA

Duk mai adalci zai yarda cewa tsarin nan ya kawo alheri. Inda babu tarihin bashi, banki ba ya ba da rance sai ga mai takardar fili ko mai babban mutum a bayansa, domin ba shi da wata hanyar bambance mai amana da maci amana. Tarihin bashi yakan mai da halin kirki ya zama jingina. Malamin makarantar da ba shi da gona ba shi da gida, amma ya yi shekara biyar bai taɓa saɓa alkawari ba, yana da abin da zai nuna. Har ila yau tsarin yana toshe hanyar masu cin bashi a wannan banki su tsallaka wancan, waɗanda ɓarnarsu a ƙarshe kan masu ajiya take faɗawa.

Sai dai akwai wata matsala a gindin sana'ar wadda ba a cika faɗa ba. Banki shi ne abokin cinikin kamfanin, shi ke kawo labari, shi ke biyan kuɗi ya saya. Mutumin da ake magana a kansa shi ne kayan sayarwa. Idan kamfani ya yi wa banki ba daidai ba, banki zai koma wani kamfanin. Idan ya yi wa talaka ba daidai ba, talaka ba shi da inda zai koma, don tun farko ba shi ya zaɓi ya shiga littafin ba, ba shi kuma da ikon ya ce a fitar da shi. Daga nan ne yawancin illolin suke tasowa.

A 2013 Hukumar Kula da Harkokin Ciniki ta Tarayyar Amurka ta bayyana sakamakon wani bincike da ta yi, inda ta tarar cewa mutum 1 cikin kowane 5 yana da kuskure a aƙalla ɗaya daga cikin rahotanninsa uku, kuma kashi 5 cikin 100 kuskuren nasu ya kai girman da zai iya sa su biya ruwa mai tsada. Wannan fa a ƙasar da ta yi shekara 40 da 'yan kai tana da doka ke nan. Wani lokaci kuskuren ya wuce na lissafi. A 2011 wani mutum a jihar Kalifoniya ya je sayen mota, mai sayarwa ya ƙi, ya ce rahoton TransUnion ya nuna sunansa ya yi daidai da na wani da ke cikin jerin 'yan ta'adda da masu fataucin ƙwaya na gwamnati. Da aka shiga kotu sai ta bayyana cewa sunan farko da na ƙarshe kaɗai kamfanin yake gwadawa, ba ya duba ranar haihuwa ko wani abu. Mutum 8,185 aka haɗa a ƙarar. Da magana ta kai Kotun Ƙoli a 2021, sai ta ce 1,853 daga cikinsu, watau waɗanda aka tabbatar an aika da rahotonsu ga wani, su ne kawai ke da hurumin neman diyya a kan wannan tambari. Sauran kuwa, ko da yake ƙaryar tana zaune a fayil ɗinsu, an ce ba su nuna cutar da aka yi musu ba.

Sai kuma maganar tsaro. Wurin da aka tara asirin al'umma duka, nan ɓarayi za su dosa. A 2017 'yan kutse suka shiga kwamfutocin Equifax ta wata kafa wadda tun watan Maris aka sanar da maganinta amma ba a toshe ba, suka yi ta kwasa daga watan Mayu har Yuli, ba a gaya wa jama'a ba sai a watan Satumba. Mutum kimanin miliyan 147 abin ya shafa, an kwashe sunayensu da ranakun haihuwarsu da lambobin shaidarsu. A 2019 kamfanin ya amince ya biya abin da zai iya kaiwa Dala miliyan 700. Amma wanda aka sace wa ranar haihuwa ba zai iya sauya ta ba kamar yadda ake sauya kwaɗon ƙofa.

Illa ta uku ta fi shafar matasa da marasa ƙarfi. Wanda bai taɓa cin bashi a inda ake rubutawa ba, ba shi da tarihi, wanda ba shi da tarihi kuwa ba a san makin da za a ba shi ba, sai a hana shi rancen da zai fara kafa tarihin da shi. Ta haka mai gudun bashi yakan tsinci kansa a layi ɗaya da mai taurin bashi.

A NIJERIYA FA?

Duk wannan bayani da ya zama labarin nesa, ba don tsarin ya riga ya kafu a ƙasar nan ba. Tun a shekarun 1990, lokacin da basussukan da ba a biya ba suka kayar da bankuna da dama, Babban Bankin Nijeriya ya buɗe nasa rajistar masu cin bashi. A 2008 ya fitar da ƙa'idojin ba kamfanoni masu zaman kansu lasisi, aka sami guda uku, watau CRC Credit Bureau da CreditRegistry da FirstCentral, dukansu da hedkwata a Legas. An kuma umurci bankuna su nemi rahoto daga aƙalla biyu a cikinsu kafin su ba da rance. A 2014 aka fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ta ɗaure dukan asusun mutum a igiya ɗaya. A watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan dokar rahoton bashi, wadda ta buɗe ƙofar karɓar labari daga bankuna manya da ƙanana, da kamfanonin inshora, da ƙungiyoyin gama kai, da masu ba da wuta da waya, ta kuma ba kowane mutum hakkin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara da hakkin neman a gyara kuskure. Daga watan Agusta na 2020 kuma aka fara aiki da tsarin da ya ba banki damar cire kuɗin bashinsa daga asusun da mai cin bashin yake da shi a wani bankin, bisa izinin da ya sa wa hannu ranar karɓar rance. Bankunan da ba su mu'amala da ruwa ma suna cikin wannan tsari, saboda haka wanda ya guje wa ruwa bai fita daga littafin ba.

Ma'aikata da ɗalibai su ne suka fi kusa da bakin wannan rijiya. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin CREDICORP domin sauƙaƙa wa masu albashi sayen kaya bashi, aka kuma fara da ma'aikatan gwamnati. A watan Afrilu na wannan shekarar ta 2024 aka sa hannu a kan sabuwar dokar rancen ɗalibai, wanda asusun NELFUND ke rabawa, da sharaɗin fara biya shekara 2 bayan gama aikin bautar ƙasa. Ma'anar wannan ita ce, mutane da yawa waɗanda iyayensu ba su taɓa cin bashin da aka rubuta ba, su za su fara rayuwar aiki da alkawarin biya a wuyansu.

To, a nan akwai haɗurran da suka fi na Amurka kusa da jiki. A ɗauki misalin ma'aikacin da ya karɓi rance bisa sharaɗin a riƙa cirewa daga albashinsa. Idan albashi ya makara wata biyu, ko kuwa ofishin akanta ya cire kuɗin amma bai tura wa banki a kan kari ba, abin da zai shiga littafi shi ne wane ya makara. Babu layin da zai ce laifin baitulmali ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ɗauki kuma wanda ya tsaya wa abokin aiki don kunya, abokin ya gudu, ko wanda ya gama biyan bashinsa tsaf amma bankin bai aika da labarin an biya ba. A ɗauki ɗalibin da ya karɓi 'yan dubbai a manhajar waya ya manta, ko ya ara wa wani lambarsa ta BVN don zumunci. Sa'an nan a tuna da maganar suna. Musa Ibrahim nawa ne a jiha guda? Mutum nawa ne aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa don ba a san ainihin ranar ba? Lambar BVN ta rage wannan haɗari ƙwarai, amma tsofaffin basussuka da rubutun ƙananan masu ba da rance ba duka ne suke da tsabta ba.

Akwai kuma waɗanda littafin bai san su ba sam. Matar da ta yi shekara 20 tana zubin adashi ba ta taɓa fashi ba, da ɗan kasuwar da ke ɗaukar kaya a Kantin Kwari ya maido da kuɗi ranar da ya ce, dukansu sun fi masu kwat da yawa amana, amma a idon kwamfuta ba su da tarihi.

Wasu za su ce tun da haka ne gara a watsar da tsarin a koma ga sanayya. Wannan ba mafita ba ce. Sanayya ita ce ta sa rance ya zama na 'ya'yan wane da wane, kuma garin da ke da mutum miliyoyi ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar dillali. Abin da ake bukata shi ne a sa ido a kan littafin, kuma kowa yana da nasa rabon aikin.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Shi ma'aikaci ko ɗalibi, ya nemi rahotonsa kyauta daga kamfanonin nan uku kowace shekara, tun bai bukaci rance ba, domin ranar da bukata ta taso babu lokacin gyara. Ya karanta layi-layi. In ya ga bashin da bai sani ba, ko wanda ya biya aka ce bai biya ba, ya rubuta ƙorafi ga kamfanin da bankin gaba ɗaya, ya ajiye kwafi, in ba a saurare shi ba ya kai ga sashen kare masu mu'amala na Babban Banki. Duk ranar da ya gama biyan bashi, kada ya bar banki sai da takardar shaidar an sallame shi. Ya adana takardun albashin da ke nuna an cire masa kuɗi. Kada ya tsaya wa kowa a kan kuɗin da shi kansa ba zai iya biya ba, kada kuma ya ara wa kowa lambarsa, ko da ɗan'uwa ne.

Su kuma gwamnatoci, a matsayinsu na masu biyan albashi, su sani cewa jinkirin tura kuɗin da aka cire ya daina zama ƙaramin sakaci na ofis, ya zama ɓata sunan bawan Allah a wurin da zai daɗe bai goge ba. Ya kamata duk ma'aikatar da ta yi irin wannan jinkiri ta rubuta wa bankin da kanta ta ɗauki laifin, bankin kuma ya gyara abin da ya aika.

Bankuna su riƙa sanar da mutum kafin su aika da baƙin labari a kansa, kuma in sun hana shi rance saboda rahoto su gaya masa a rubuce wane kamfani ne ya ba da shi. Babban Banki ya riƙa binciken ingancin fayilolin nan a kai a kai, kamar yadda hukumar Amurka ta yi, ya buga sakamakon kowa ya gani, ya kuma ci tarar mai aika labarin ƙarya tarar da za ta yi masa zafi. Hukumar da aka kafa a ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta dubi tsaron kwamfutocin kamfanonin tun kafin irin abin da ya sami Equifax ya auku, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ruwa ake shafa wa naka. Su kamfanonin kuwa, su fitar da bayanin hakkin jama'a cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, a gidajen rediyo da harabar bankuna, su kuma nemi hanyar shigar da amanar 'yan gama kai da ƙananan 'yan kasuwa cikin lissafi. Hakkin da aka rubuta da Turanci aka ajiye a intanet, bai kai ga mutumin Gumel ko na Zuru ba tukuna.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba abin kunya ba ne a ce sunan mutum yana cikin littafin masu bashi. Abin tsoro shi ne a rubuta masa abin da bai yi ba, ya yi shekaru yana shan wahalarsa bai san dalili ba. Mutanen Amurka sai da suka jira shekara 71 kafin su sami ikon buɗe fayil ɗinsu. 'Yan Nijeriya sun sami wannan iko tun 2017. Abin da ya rage shi ne kowa ya je ya buɗe nasa ya duba, hukuma kuma ta tabbata cewa in ya sami kuskure akwai wanda zai saurare shi.